Ba Za Mu Rina Akokonka Ba

Zuwa ga Mushe, Baturen kantin gyaɗa da yadi na bakin kasuwar Maraɗi, wanda mutanen gari ke kira Mai-Usur.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda talaka ke yi wa mai iko, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gidanka da dokinka. Ina yi maka barka da zafi, don na ji an ce bazarar bana ta matsa maka har ba ka iya zama a biro, ofishin nan naka. Mu ma ta matsa mana, amma mu mun saba.

Ni ne Tanko marini, na karofin bakin gulbi, yayan Nomau wanda ya yi maka shugabancin 'yan dako shekara tara. Ba ka san fuskata ba, kuma ban yi mamaki ba. Wuyan ƙanena dai ka sani, tunda a kanshi gyaɗarka ta riƙa hawa kamyo, babbar motarka ta kaya. Ni ban iya rubutu ba. Malamin unguwarmu ne ke riƙe da alƙalami ina faɗa, na kuma roƙe shi kar ya gyara mani magana, kar ya sa mata zuma. Na sa an rubuta wagga takarda har huɗu. Ɗaya taka ce, tafintanka ya juya maka ita. Ɗaya za a karanta a kasuwar Maraɗi, ɗaya a Tsibiri, ɗaya a Jiratawa. Aiken da ka yi mani a ɓoye ka yi shi, ni kuwa amsata ba ta ɓoyo ba ce.

Ga waɗanda ba su sani ba, ga aiken. Kwana tara ke nan ka turo mani akawunka har karofi, yana taka ƙasa kamar za ta ɓata mashi takalmi. Buƙata biyu ya zo da su. Ta farko, in rina maka dilolin akoko, farin yadin nan naka da ruwa ya lalata a mangaza, ɗakin ajiyar kayanka, in mayar da shi baƙi ƙirin don tabon ya ɓace ka sayar wa mutanen ƙauye. Ta biyu, in sayar maka da katsi a yi laso a shafe rufin mangazar kafin ruwan fari ya sauka. Ya faɗi lada mai tsoka, wanda zai riƙe gidana har kaka, ya kuma ja mani kunne kar kowa ya ji. To ga shi kowa yana ji. Amsar tana da asali, ranka ya daɗe, sai ka yi haƙuri ka bi ni daki-daki.

Na ɗaya. Ina son in tuna maka yadda kuɗi, ko tamma guda ce, ke yawo a garin nan, don na lura kai sikeli kawai ka sani. Lokacin da gyaɗa ke da daraja, in ka busa usur ɗinka aka sallami ma'aikata, kuɗin nan ba ya kwana inda ka ajiye shi. Ɗan dako zai biya wurin Hajo, matar nan ta Tsibiri mai kawo fura ƙofar kantinka, ya sha ya ƙoshi. Hajo ta sayi tukunya a hannun matan Jiratawa. Matan Jiratawa su biya ta rumfar mahauta su tafi wa yara da ɗan nama. Abin da ya saura a aljihun ɗan dako kuwa, ina ya nufa? Kantinka. Ya tara na mako uku ya yanki akoko, ya kai wa tela, tela ya ɗinka, a kawo mani in tsoma a rijiyar baba, in miƙa wa masu bugu su buge ta da shuni har ta ɗauki ido. Duk wanda ya kwana Maraɗi a shekarun nan ya san ƙarar mabuga, tun hantsi har magariba ba ta tsayawa. Baƙo in ya doso gari ta hanyar Katsina, ita yake fara ji kafin ya hango gida ko ɗaya.

Ashe da hannun dama kake ba su, kana karɓa da na hagu, har da riba bisa. Mu da ba mu yi lakwal ba, makarantar nan taku, mun san wannan. Kai mai karatu, ga littattafai cike da biro, ban san yadda aka yi ya shige maka duhu ba.

Na biyu, ranar bokiti. Bara waccan, kaka na tsaka, aka ce gyaɗa ta faɗi a ƙasarku. Ban musa ba, ban je Faransa ba balle in ce ƙarya ne. Wannan ba laifinka ba ne, kuma ba zan ɗora maka abin da ba kai ka yi ba, wanda ka yi ma ya isa. Sai dai shekarun da ta tashi ba mu ga ka kira kowa ka ƙara mashi komai ba.

Da Nomau ya ji ƙishin-ƙishin za a rage mutane, ya same ka ta bakin tafinta ya roƙe ka kar ka kori kowa. Ya ce a raba aikin karɓa-karɓa, wasu yau wasu gobe, kowa ya tashi da rabin abin da ya saba, nashi ma a rage. Mutanenshi duk sun yarda, da babu gara ba daɗi. Ka ce kanti ba gidan sadaka ba ne. Tafinta ma sai da ya yi nauyin baki, Nomau ya matsa mashi kafin ya juya maganar.

Washegari ka busa usur, suka jeru a fili. Kowannensu yana da 'yar tagulla mai lamba da ka rataya mashi a wuya ran da ya kama aiki. Ka sa aka miƙa wa Nomau bokiti, ka ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya kowa ya cire tashi ya jefa. 'Yan dako, masu ɗinkin buhu, matan da ke sheƙa da tsintar gyaɗa, har tsoho Bawa magini mai kula da rufin mangaza. Mutanen da shi Nomau ya taka har gidajensu a Tsibiri da Jiratawa ya kawo maka, ya ce wa iyayensu su bar mashi amana. Da ya kai ƙarshen jeri ya juyo zai miƙa maka bokitin, sai ka nuna wuyanshi da sandarka. Ya cire tashi tagullar ya jefa. Ni ban gani da idona ba, amma mutum sittin suka gani, da yawansu kuma suna cikin masu sauraron wagga takarda. In ƙarya nake, wani ya miƙe ya faɗa.

Ba korar ce ta fi ci mani rai ba. Ko sarki yana sallamar bara. Amma don me sai da hannun Nomau? Kana da akawu, kana da gardi a ƙofa. Ran nan Nomau ya zo karofi ya zauna bakin rijiya har rana ta faɗi. Namijin da ke saɓa buhu yana wasa da abokan aiki, na miƙa mashi ruwa ya ajiye ƙwaryar ko kurɓa bai yi ba. Wallahi tun daga ranar na ƙi jininka, ban ɓoye wa Allah ba balle kai.

Na uku. Abin da ya biyo baya a hankali ya zo, don mutum ba ya daina saye rana ɗaya. Nama aka fara bari. Mahautan da ke kada sa ran kasuwa suka koma akuya, akuyar ma sai a kai la'asar ana korar ƙuda. Sai goro ya biyo, dattawan da ke miƙa wa baƙo guda sukutum suka koma raba ɗaya gida huɗu. Hajo ta rage ƙwarya, ta sake ragewa, daga baya ta daina takowa daga Tsibiri, don wahalar hanya ta fi cinikin. Matan Jiratawa suka riƙa komawa gida da tukwanensu a ka yadda suka zo da su. Manomin da ka sayi gyaɗarshi a wulaƙance, ɗan abin da ya samu rami ya tona ya binne saboda lanho, harajin nan naku, tunda shi lanho ba ya jin uzuri. Wanda bai rasa aiki ba ma ya ƙulle bakin aljihu, yana tsoron gobe kanshi za a zo. Akawunka da ke yi mana taƙama, ka tambaye shi rabonshi da kawo mani riga.

Mu a karofi da farko har mun ɗauka mun tsira. Mutane suka daina yankan sabon yadi, suka riƙa kawo tsofaffin riguna a mayar da su rijiya su yi ɗan duhu. Ƙaramar Salla ta farko da su aka je Idi, kowa ya san ta kowa, ba mai kallon wani. Kafin Salla ta zagayo rigunan ma sun tafi hannun dillalai, an ci hatsi da su. Aznan fadama da kowace shekara ke kawo zane guda a rina masu baƙi don iskokinsu, bana ƙyalle suka kawo, bai fi tafin hannu biyu ba, suka ce iskokin ma sun san halin da ake ciki. Rijiya goma sha biyu ke karofinmu. Ɗaya bayan ɗaya masu su suka kife masu murfi suka shiga duniya. Mabuga ta yi tsit. Masu bugu sun tafi cin rani ba su komo ba, gungumen da suke bugu a kai yanzu kaji ke hutawa bisanshi.

Kai ma ka ji a jikinka, kar ka ce a'a. Na sha wucewa ta ƙofar kantinka in ga mai jiran kanti yana gyangyaɗi, ga atamfa ga gishiri ga fitilu ƙura ta rufe su. An ce kana faɗa wai mutanen Maraɗi sun yi rowa, sun daina son kaya mai kyau. Rowa! Yo da mi za su saya? Da tagullar da ke cikin bokiti? Abu ɗaya ya rage ana yanka a kantinka, shi ne likkafani, shi kuwa likkafani ba ya biyowa ta karofi.

Na huɗu. Wannan ban so in faɗe shi a kasuwa ba, amma sai na faɗa. Ana saura 'yan kwanaki ranar bokiti, Nomau ya yanki akoko a kantinka, mai tambarin zakara, aka ɗinka mashi babbar riga. Burinshi kore, baƙar rigar nan mai ƙyalli da manya ke sawa. Tun muna samari yake yi mani tsiya, wai yayanshi marini ne amma shi bai taɓa shiga kore ba. Bayan korar na ce ya bari in rina mashi, aikin nawa, shunin nawa, ai ciki ɗaya muka fito. Ya ƙi. Ya ce ba zai tsaya filin Idi yana ƙyalli ba, mutanen da ya karɓi tagullarsu da hannunshi suna bayanshi cikin tsumma. Ya ce in ajiye ta fara, ran da mutanenshi suka koma aiki in tsoma ta. Na naɗe na sa a adudu.

Rani guda ya yi yana neman abin yi. Gona ba shi da ita, tun da ya kama aikinka ya bar wa dangi, don kai ka ce kana son shi rani da damina. Ya sayar da jaki, ya sayar da tumakin matarshi. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya bar mani matar, Tabawa, da ɗiya uku, ya bi hanyar Katsina a ƙasa har Kano, don an ce can akwai dako. Ya tarar da 'yan dakon Kano zaune gindin bango, su ma suna jiran mai kiransu. Ya juyo cikin marka da tari a ƙirji. Mutumin da ya fita da ƙafarshi yana ba yara dariya, riƙe shi aka yi aka shigo da shi zaure. Kwana goma sha ɗaya ya yi.

Ba mu da abin yankan likkafani, kuma ko akwai na rantse ba zan taka kantinka ba. Na buɗe adudu na ɗauko rigar. Telan da ya ɗinka ta shi ya zauna a zaurena yana warware ɗinkin da hannunshi, yana yi yana share ido. A cikinta muka sa Nomau, fara fat yadda ya ce in ajiye ta. Rai na Allah ne. Ban ce kai ka kashe shi ba, malam ma da ke wanga rubutu ba zai yarda ya rubuta haka ba. Amma kai ka nuna mashi hanyar Kano.

Na biyar. Yanzu ga labarin rufinka, wanda na fi jin daɗin faɗi. Ka san ko minene katsi? Ba ka sani ba, ka dai ji akawu ya ce ana buƙatar shi. In ruwan baba ya yi aiki ya gaji, sai mu kwashe rijiya, lakar da ta kwanta a ƙasa mu cura ta mu shanya, in ta bushe mu ƙone. Shi ne katsi. Da shi ake haɗa sabon ruwan rini. Da shi kuma magina ke yin laso, su kwaɓa da gashin jima da ruwan dafara su shafe rufin soro, ruwa ba ya ratsawa. Kowace bazara tsoho Bawa kan zo da jaki ya ɗebi katsi a wurina, ya hau mangazarka ya shafe ta tas. Shi ne kuma ke ɗora dilolinka bisa itace, yana bin bango yana karya hanyar gara. Ka dube shi ka ga tsoho mai cin kuɗin kanti a banza, ka sa ya jefa tagullarshi tare da saura. Daminar bara ta zo, ba ta nemi izininka ba.

Ka ga yadda abin ya zagayo ko? Ka kori ɗan dako, ɗan dako bai sayi yadi ba, yadi bai zo karofi ba, rijiyoyi ba su yi aiki ba balle katsi ya taru, rufi bai ga laso ba, ruwa ya sauka a kan yadin da ɗan dako bai saya ba. Ni ban sa hannu ba, ban je wurin boka ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na shida. Ba zan yi maka ƙarya in ce da akawunka ya zo nan take na kore shi ba. Ban kore shi ba. Cikin rijiya goma sha biyun nan ɗaya ta rage da rai, ta mahaifinmu, wadda ya gina da hannunshi tun ba a haife ni ba. Tun ran da ya zuba mata ruwa ba ta taɓa kwana a bushe ba. In an kwashe ta da safe, kafin yamma an haɗa sabo da katsin na baya, haka har ta zo hannuna. Rijiyar rini in ta bushe a bazara tsagewa take yi, in kuwa ta tsage ba ta ƙara riƙe ruwa. Haɗin da ke cikinta shi ne na ƙarshe, ba ni da abin sayen wani baba. Ga baki goma sha ɗaya a gidana, har da marayun Nomau. Uwargidana ba ta ce in karɓi aikinka ba, amma ta kawo ƙwaryar awo ta kife a gabana ta juya, na kuwa gane. Kwana uku ina juya abin. Na ce wa kaina ai yadi ba shi da laifi, na ce ko Nomau ba zai so ɗiyanshi su kwana da yunwa ba. Rana ta huɗu na wanke ƙafa na bi akawunka zuwa mangaza in ga yawan aikin, kuma da niyyar karɓa na tafi, Allah ne shaida.

Yana buɗe ƙofa wari ya tarye mu. Ga dilolin nan masu tambarin zakara, ruwa ya yi masu jirwaye, gara ta cinye gindin na ƙasa. Na kama gefen ɗaya da yatsa biyu na ja, ya rabu ko ƙara babu. Wannan ba tabo kaɗai ba ne, yadin ya ruɓe. In na rina shi, manomin Jiratawa zai sayar da tunkiya ya saya wa matarshi, wanki ɗaya ya watse, ya zagi marini. Duk da haka ban fasa ba tukuna, yunwa ba ta da kunya. Sai na ɗaga kai ina neman inda rufin ya fi yoyo, na bi tabon bango da ido har ƙasa. A nan kusurwa na ga bokitin. An tura shi ƙarƙashin yoyo don ya tari ruwa, ko juye abin da ke ciki ba a yi ba. Ruwan ya ƙafe. Tagullar mutum sittin na ciki, sun yi tsanwa sun manne da juna, igiyoyin wuya sun ruɓe. Ta ƙanena ce a bisa, tunda ita ta shiga ƙarshe. Na sunkuya zan ɗauka, akawunka ya ce kayan kanti ne, ba a taɓawa.

Na janye hannuna na fita. Daga ƙofar mangazarka ban koma gida ba, Tsibiri na nufa a ƙasa, washegari Jiratawa. Na zauna da manyan marina na faɗa masu abin da na gani. Babu wanda ba shi da ɗa ko ƙane ko suruki a cikin bokitin nan. Shekaranjiya suka taru a karofinmu, na garuruwan uku, kowa ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu a rijiyar mahaifinmu, muka ɗauki alkawari. Ba mai rina maka ko ƙyalle. Ba mai sayar maka da katsi ko curi ɗaya, ko kai ko wanda ka aiko da wata fuska. In ka ce Katsina za ka kai, marinan can surukanmu ne, saƙo ya riga kamyonka isa. Magina kuwa ba sai na yi wahala ba, tsoho Bawa ya riga ya zaga su.

Jiya da hantsi na kwashe rijiyar da hannuna. Na san kaina, na san yunwa, muddin akwai ruwan baba a ciki wata rana ƙafata za ta iya sake kai ni ƙofarka. Na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba. Jiya ta kwana a bushe, abin da ba ta taɓa yi ba. Lakar na cura ta, na shanya a tsakar gidana. Uwargida ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta kore kajin da ke neman hawa.

Buƙatuna ba su da yawa, ranka ya daɗe. Ka aiko wa Tabawa tagullar mijinta, a wanke, ɗiyanshi su san ubansu ya yi aiki. Sauran ka mayar wa masu su, kowa a hannunshi, kuma da hannunka, ba na akawu ba. Ka kira su aiki karɓa-karɓa yadda Nomau ya roƙe ka, ko kwana biyu ne a mako, ka ga ko Hajo ba za ta komo ƙofarka ba. Ruɓaɓɓen yadin ka fito da shi fili ka ƙone kowa na gani. Ku kuma jama'a ku ji da kyau: duk wanda aka tallata wa akoko mai zakara da araha, fari ko baƙi, ya kama gefen da yatsa biyu ya ja kafin ya kwance lalita. Kar ka ƙara turo mani akawu. In magana kake so, ka san hanyar gulbi, ka zo da ƙafarka, akwai inuwa akwai tabarma. Ran da mutanen nan suka koma aiki suka fara yankan yadi, ni zan fara aika maka da katsi, ba sai ka tambaya ba. In kuma wurin kumandan mai mulkin gari za ka kai ni, bismilla, sai dai ka shirya faɗa mashi abin da ka ce in rina da kuma dalili.

Ina roƙon Allah ya ja kwananka, ya bar ka a Maraɗi, kar manyanka su ɗauke ka kafin kaka. Allah ya ƙara maka lafiyar ido da ta hanci. Allah ya shirye ka in kana da rabo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba tsayawa. Wagga addu'a ta ƙarshe duk gari ke yin ta, manomi da malami da Azna, don haka ba ka da wanda za ka kai ƙara.

Rijiyata tana iya tsagewa, na sani, na kuma ɗauka. Amma katsi in ya bushe, shekara goma yana rataye yana jira bai lalace ba. Ka shiga mangaza ka tambayi akokonka ko zai iya jiran wata biyu. Da safen nan da na fito duba curin da na shanya, na ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ni na kwashe nawa na kai ɗaka.

Wassalam, daga Tanko marini, yayan Nomau. Malam ya rubuta da tawada, ni na dangwala yatsa da ragowar ruwan rijiyar.